Gizo-gizon da Aka Ce Yana Tashi Sama

A shekarar 1874 wani limamin coci a Ingila, Octavius Pickard-Cambridge, wanda ya shahara da nazarin gizo-gizo, ya karɓi wani ɗan mitsitsin gizo daga Ostareliya. Gawarsa ce ta iso masa, tare da bayanin cewa an ga yana buɗe wasu fatu biyu da ke gefen cikinsa in zai yi tsalle. Sai ya raɗa masa suna volans, wato mai tashi sama da Latinanci. Sunan yana nan har yau, Maratus volans, ko da yake gizon bai taɓa tashi ba.

Ba a ga laifin malamin sosai ba. Gawar da aka jiƙa a sinadari cikin kwalba launinta kan dusashe, kuma ba ta rawa. Alhali amfanin fatun ke nan: namijin, wanda tsawonsa bai wuce milimita 5 ba, yakan ɗaga su kamar wutsiyar ɗawisu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya miƙe ƙafafu biyu sama yana karkarwa a gaban tamata. In rawar ba ta burge ta ba, wani lokacin cinye shi take yi.

Masana ƙalilan sun san haka tun kafin duniya ta gani. Kyamara ce ta nuna wa kowa. A 2005 Jürgen Otto, masanin ƙananan ƙwari, ya ci karo da gizon a daji kusa da birnin Sidni, ya shiga ɗaukar hotonsa kusa-kusa a lokacin hutunsa, daga baya ya sa bidiyon rawar a YouTube. Aikin akwai cin rai, don a irin wannan kusancin ɗan motsin hannu ya isa ya ɓata hoto.

Labarin Stuart Harris ya fi ban mamaki. Ba masani ba ne, mai sha'awa ne kawai. A 2008 ya ɗauki hoton wani gizo a gandun dajin Namadgi ya sa a Flickr. Otto na gani ya yi zargin sabon nau'i ne, amma hoto kaɗai ba ya isa a ba halitta suna, sai an kawo ta. Shekara uku Harris yana nema kafin ya sake samun ɗaya. Yau sunansa Maratus harrisi, cikin nau'o'in Maratus da suka haura 100, mafi yawansu bayan 2010 aka ba su suna.