Asalin Alewa

Yaron da ya sayi alewa a kasuwar Filinge, in aka tambaye shi daga ina ta fito, cewa zai yi daga kanti, ko daga Yamai. Alhali alewa ta girmi kanti, ta ma girmi farin sukari a ƙasar Hausa. Can da, zaƙin mutanenmu yana wurin zuma da 'ya'yan itace. Akan jiƙa nunanniyar ɗinya, a murje, a tace, a yi ta dafa ruwan har ya yi baƙi ya yi kauri, shi ne maɗi. In aka ƙara masa wuta ya daskare, an sami alewar ɗinya. Rake kuwa baƙo ne. A tsibirin Niyu Gini aka fara nomansa, mutanen Indiya suka gano yadda ake daskarar da ruwansa, Larabawa suka kai shi Masar da Maroko. Sarki Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta ci Songai a Tondibi a 1591, da sukari ya tara wani yanki na dukiyarsa. A wajenmu rake ya zauna a fadamu, ga ƙasar Zazzau mai mazarƙwaila, ga Dallol Mauri. Da farin sukari ya iso, ya tarar da tukunya a kan murhu da hannun da ya riga ya san aikin.

Shi ya sa malamin da ya kwashi ɗalibansa ya kai su gidan mai alewa bai ɓata musu lokaci ba. Za su ga an zuba sukari da ruwa, an matsa lemon tsami ko ruwan tsamiya. Tsamin nan shi ke hana sukarin komawa tsakuwa-tsakuwa in ya huce. Mai alewa ba ya da ma'aunin zafi, sai ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ya ƙame ya karye ƙas, to zafin ya kai wajen digiri 150. Sai ya juye a farantin da aka shafa wa mai, ya bari ta ɗan sha iska, ya rataya a ƙugiya, ya ja, ya ninka, ya sake ja, yana sauri kafin ta taurare. A gaban idon yara abin da yake ja-ja-ja zai koma fari, don iska ce ke shiga cikinsa. Kimiyyar da ake rubuta musu a allo da Faransanci ke nan, ga ta a tsakar gida da Hausa.

Wani zai ce ai koya wa yara kwaɗayi ne, ga ruɓewar haƙora. Gaskiya ne zaƙi yana cin haƙori, amma yaran nan da ma suna shan minti na leda, ba su san abin da ke ciki ba. Wanda ya ga tiyar sukari ta narke ta koma 'yan sanduna ya fi saurin gane dalilin da ake cewa ya rage. Wani kuma zai kawo maganar ƙuda da ƙura. To, a zaɓi gida mai tsabta, a sa yara su lura da wanke hannu da rufe faranti. Kuma tun da ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ta fi yalwar magarya da aduwa da goruba, kada a tashi sai an zaunar da tsohuwar gidan ta faɗa musu abin da ake yi da su kafin buhun sukari ya zo yankin.