Wutar Neja Delta da Dokokin da Suka Kasa Kashe Ta

A shekarar 1956 aka gano man fetur a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yau, aka fara fitar da shi waje a 1958. Ɗanyen mai yakan fito daga rijiya tare da iskar gas. A wancan zamani ba kasuwar gas, ba bututun kai shi ko'ina, sai kamfanoni suka riƙa cinna masa wuta. Tun daga nan akwai ƙauyukan da dare bai ƙara yi musu duhu ba.

A 1979 gwamnatin soja ta kafa doka cewa a mayar da gas ɗin ƙarƙashin ƙasa ko a yi amfani da shi, ta sa ranar 1 ga Janairun 1984 a matsayin wa'adin daina ƙonawa. Da wa'adin ya cika sai aka buɗe ƙofa: wanda ya sami izinin minista ya ci gaba, ya biya tara. Tarar ta fara da kwabo 2 kan kowane ma'aunin ƙafa 1,000 na gas, ta kai naira 10 a 1998. Biyanta ya fi shimfiɗa bututu arha. Ga shi kuma gwamnati, ta hannun NNPC, ita ke da kaso mafi tsoka a haɗin gwiwarta da manyan kamfanonin. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Duk wannan ciniki tsakanin gwamnati da kamfanoni aka yi shi, ba a tambayi masu shaƙar hayaƙin ba. Sai suka garzaya kotu. A Nuwamban 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan, ta yanke cewa ƙona gas ya tauye haƙƙinsu na rayuwa da mutunci. Wutar dai ba ta mutu ba.

A 2018 aka ɗaga tarar manyan kamfanoni zuwa dala 2. Dokar man fetur ta 2021 kuma ta wajabta wa hukuma jin ra'ayin masu ruwa da tsaki kafin ta fitar da ƙa'idoji. Sai dai sanarwar da aka buga da Turanci aka tattauna a Abuja da wuya ta isa kunnen masunci. Mutanen Agadem a Nijar da na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda mai ya iso daga baya, gara su nemi a ji ta bakinsu tun kafin a sa hannu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.