Yadda ake gane zamanin riga daga takardar yanka



Da yawa cikin yaranmu da suka tafi Yamai, Kano ko Abijan ɗinki suka koya, wasu kuma sun sayi keke Singer ko Butterfly sun buɗe shago. Cikin kayan aikinsu akwai wata takarda marar kauri da ake shimfiɗawa bisa yadi a bi ta da almakashi. Faransawa na ce mata patron, mu sai mu ce takardar yanka. Takan zo cikin ambulan da zanen mace sanye da doguwar riga, wato rob. Mai ganin irin wanga zane yakan ce "ɗinkin da ne". To, wane da? Ga abin da tarihi ya nuna.

 Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851. A 1863 wani tela, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da takardun yanka masu awo daban-daban, don mace ta yi ɗinkinta a gida. Kamfanin McCall ya biyo a 1870, Simplicity a 1927, sannan mujallar Burda ta Jamus a 1950. Saboda haka duk takardar da ke ɗauke da sunan Simplicity ba ta kai yaƙin duniya na farko ba, ko me mai sayarwa ya faɗa.

Abu na farko da za a duba shi ne ƙugu da tsawo. A shekarun 1920 matan Turai sun bar ɗaurin ciki, rob ta zama miƙaƙƙiya kamar buhu, ɗamararta ta sauka har bisa kwankwaso, bakinta kusa da gwiwa. A shekarun 1930 ɗamara ta koma wurinta, riga ta ƙara tsawo. Wata tela ta Paris, Madeleine Vionnet, ta yi suna da yanka yadi a karkace, ba bisa tsawon zare ba, abin da ke sa tufa ta kwanta ga jiki. In kun ga an ce a aza takarda a karkace bisa yadi, riga kuma doguwa ce, ku tuna da wanga zamani.

Abu na biyu shi ne yawan yadi, kuma nan ne darasi ya fi yawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu, ulu da auduga sun tafi ga kakin soja, siliki ya tafi ga laimar sauka daga jirgi. Daga 1941 har 1949 mutumen Ingila ba ya sayen tufa sai da takardar rabo. Hukuma ta ƙayyade yawan aljihu, maɓalli da naɗi da tela zai sa. Amurka ta kafa tata dokar a 1942. Shi ya sa rigar yaƙi gajera ce, iyakarta ƙasan gwiwa kaɗan, ba ta da faɗi, kafaɗunta a cushe suke kamar na kaki. Wanga rashi ya iso har nan: jiragen ruwa sun rage zuwa, yadin kanti ya yi wuya, mutane suka koma ga masaƙa da sawaye.

Ran 12 ga Fabrairu 1947 Christian Dior ya nuna sabon ɗinkinsa a Paris: kafaɗa ba cushe, ƙugu a matse, ƙasa a buɗe kamar laima har tsakiyar ƙwauri. Wasu rigunan sun ci fiye da mita 10, wato kusan turmi biyu na atamfa ga mace guda. Akwai waɗanda suka ce almubazzaranci ne, tun da har lokacin ana rabon tufa a Ingila, amma ɗinkin ya mamaye shekarun 1950. Sai tsakiyar shekarun 1960 Mary Quant a Landan da André Courrèges a Paris suka kai bakin riga sama da gwiwa. A taƙaice, rigar da ta yi rowar yadi da cusassun kafaɗu ta kwanakin yaƙi ce, wadda ta yi ɓarnar yadi ta bayansa ce.

Amma a yi hattara, yayi na komowa. Cusassun kafaɗu na 1940 sun sake fitowa a shekarun 1980. Har wa yau, kamfanonin sun sake buga tsofaffin zanensu don masu sha'awar ɗinkin da. Ke nan takarda tana da shekaru iri biyu: shekarun yayin da ta kwaikwaya, da shekarun ita kanta takardar.

Don gane na biyun, a buɗe ambulan. Tsofaffin takardu ba rubutu a jikinsu, sai ƴan huji-huji da ke nuna wurin naɗi da wurin haɗi. McCall ne ya fara buga layuka bisa takarda a farkon shekarun 1920, sauran kamfanoni sun daɗe kafin su bi. Tsohuwar takarda awo guda ce, ta yanzu tana da layuka uku ko fiye don jiki daban-daban. Zif bai zama ruwan dare a rigar mata ba sai shekarun 1930, na ƙarfe ne, a gefe ake yawan sa shi. In adireshin Amurka yana da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, bayan 1963 aka buga. In kuwa akwai baƙaƙen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa, takarda ba ta wuce shekarun 1970 ba a tsufa, ko da zanen na 1930 ne.

Mi ya haɗa mu da wanga bincike? Cikin akwatunan gidajenmu akwai hotuna marasa kwanan wata: ɗaliban lakwal, ungozoma ta likita, matar wani ma'aikaci cikin rob da telan Maraɗi ko Damagaram ya kwaikwayo daga littafin tallar La Redoute. Kakanninmu sun riƙe shekaru da abin da ya auku, a ce an haifi wane shekarar Kakalaba, wane shekarar El Buhari. Riga ma tana iya yin wanga aiki, da sharaɗi guda. Yayin Paris yakan yi shekaru bisa hanya kafin ya iso, kuma rigar gwanjo ta riga ta tsufa wurin mai ita na farko. Don haka riga tana gaya muna cewa hoto bai girmi shekara kaza ba, amma ba ta faɗin ranar da aka ɗauke shi. Rob mai buɗaɗɗen ƙasa na nufin bayan 1947, yana yiwuwa ma bayan samun mulkin kai a 1960.

Roƙona ga ƴan ci-rani: in kun zo gida da damina, ku fiddo hotunan nan, ku zauna da tsofaffi tun suna da rai. Ku duba riga, su faɗi sunaye da abin da ya faru shekarar, a rubuta a bayan hoto da fensir.

Allah ya kai mu fitowa ta gaba lafiya.