3.4 Ribar Garaɓasa da Tsadar Kayayyaki a Ƙasar Sakkwato

A wannan fasali za a dubi yadda ribar manyan kamfanoni ke shafar farashin kayayyaki, da kuma hujjar ɗora mata haraji. Abin da ake nufi da ribar garaɓasa shi ne ribar da ta faɗo wa kamfani ba don ya ƙara aiki ko jari ba, sai don sauyin yanayi.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817 aka rufe shi a Hubbare, ya soki harajin sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi, musamman jangali da kuɗin ƙasa. Wannan ya nuna cewa tun asali tambayar ita ce: a kan wa nauyin haraji zai faɗa?

A zamanin Turawa, kamfanoni irin su UAC, da aka kafa a 1929, da John Holt, su ne ke sayen gyaɗa da auduga da fatu, su ne kuma ke shigo da atamfa da gishiri. Don haka suna da ta cewa a farashin saye da na sayarwa. Da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, sai ta riƙa sayen amfanin gona ƙasa da farashin kasuwar duniya tana riƙe rarar. Ke nan manomi ne ya biya harajin.

Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, 'yan kasuwa sun ɗaga farashi, har tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975. Haka kuma, bayan faɗuwar darajar Naira a Yunin 2023, bankunan da ke riƙe da kuɗin waje sun ci ƙazamar riba, yayin da tiyar gero ta gagari talaka. A Yulin 2024 Majalisar Tarayya ta amince da harajin kashi 70 cikin ɗari a kan wannan riba.

Bisa ga bayanan da suka gabata, faɗuwar Naira ɗaya ce ta azurta banki ta kuma tsiyata mai saye. Saboda haka adalci ne a karɓi wani kaso na garaɓasar. Sai dai tarihin hukumar gyaɗa ya nuna cewa karɓar rara ba ta wadatar ba, matuƙar ba ta koma ga waɗanda tsadar ta cutar ba.