Tarihin 'Yan Dakon Maganin Sankarar Mama

Mai karatu, tsohuwar matsalar maganin sankara ita ce ba ya bambance maƙiyi da ɗan gida: yana kashe ƙwayoyin cutar, yana kuma taɓa masu lafiya. Shi ya sa gashi ke zubewa, jini ya ragu. Tun farkon ƙarni na 20 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi burin samun maganin da zai nufi cuta kai tsaye.

Hanya ta fara buɗewa a shekarun 1960, lokacin da Alec Bangham a Ingila ya gano cewa wani nau'in kitse kan dunƙule cikin ruwa ya zama 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu iya ɗaukar magani. A 1986 kuma Matsumura da Maeda a Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, don haka irin waɗannan 'yan dako kan sulale su taru a cikinsa. Girmansu da nanomita ake aunawa, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

A 1995 Amurka ta amince da Doxil, wato doxorubicin a cikin jakar kitse, wanda bai kai na asali illa ga zuciya ba. A 2005 Abraxane ya biyo baya domin sankarar mama da ta bazu. Maganin da ke cikinsa, paclitaxel, ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da sinadarin man zurma, wanda jikin wasu ke ƙi har numfashi ya sarƙe. Da aka naɗe shi cikin furotin na jini, ƙarin ruwan awa 3 ya koma minti 30.

Ki lura, 'yar'uwa: magungunan tsofaffi ne, ɗan dakon ne sabo. Wani nazari na 2016 a kan gwaje-gwajen dabbobi ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da aka zuba ke isa ƙarin. Ribar da aka fi gani zuwa yau ita ce sauƙin illa.

Wannan ya shafe mu, domin nau'in sankarar mama mai saurin yaɗuwa, wanda ba ya jin maganin homon, ya yawaita a matan Afirka ta Yamma. Kada mai tallan “maganin nano” a intanet ya ruɗe ki. Idan kin ji kullutu a mama, ki garzaya asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.