Faɗuwar Birnin Tenoctitlan

A shekarar 1519 ta Miladiyya, sa'ad da Askiya Muhammadu ke kan gadon mulkin Songai, shekara 27 kuma bayan Garnada, birnin ƙarshe na Musulmin Andalus, ta faɗa hannun sarakunan Sifen, akwai wani birni can ƙetaren babbar tekun yamma wanda ba malamin Tumbutu ko na Rum da ya taɓa jin sunansa, alhali kuwa yana cikin manyan biranen duniya na wancan zamani. Sunansa Tenoctitlan, cibiyar daular mutanen da ake kira Aztek, waɗanda su da kansu ke kiran kansu Meshika, kuma a bisa kufansa ne birnin Meksiko ke zaune yau.

Bisa ga ruwayarsu, kakanninsu baƙi ne da suka taso daga arewa, suka yi ta yawo ana korarsu, har a 1325 suka sauka a wani tsibiri cikin tafkin Teskoko wanda ba mai sha'awarsa. Da yake ba su da ƙasar noma, sai suka ƙago ta: a kafa turaku a inda ruwa ba zurfi, a jibga laka da ciyayi har su taso bisa ruwa, a dasa itatuwa a gefe don saiwarsu ta riƙe ƙasar, sa'an nan a shuka masara da wake da kabewa da barkono da tumatir, ana girbi fiye da sau ɗaya a shekara. Manyan hanyoyi uku da aka cike da ƙasa da duwatsu ne suka haɗa birnin da gaɓa, kowace da gadojin katako da ake iya ɗagewa in an ji motsin maƙiya, ruwan sha kuwa daga maɓuɓɓugar Capultepek ake jawo shi. A kasuwar Tilatelolko kowace sana'a da layinta, ga alƙalai zaune suna raba gardama nan take, ga masu zagayawa suna duba mudu, wanda aka samu da tauye awo a fasa masa abin awonsa a gaban jama'a, ana ciniki da 'ya'yan koko kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Duk wannan sun gina shi ne ba baƙin ƙarfe, ba doki, ba jaki, komai sai a bayan ɗan adam ko cikin kwalekwale. Suna kuma da littattafai na zane, da hisabin taurari, da lissafin shekara mai kwana 365.

Amma daular tana da wata illa a gindinta. Tun daga 1428, lokacin da Tenoctitlan ta ƙulla alkawari da biranen Teskoko da Tilakopan suka karya ubangidansu na Azkapotsalko, tsarinsu shi ne in sun ci gari su bar masa sarkinsa da al'adunsa, su ɗora masa haraji mai nauyi na mayafan auduga da hatsi da koko da zinariya da gashin tsuntsaye, su aiko jakadu masu karɓa. Bayan dukiya kuma akwai jini, domin fursunonin yaƙi ana hawa da su bisa hasumiyar tsafi a yanka su hadaya ga gumaka. Wannan mummunar ɗabi'a ce da ba ta da uzuri, ko da yake Sifaniyawa daga baya sun mai da ita hujjar halatta duk wata ɓarna tasu. Garuruwan da aka ci suna biyayya ne don tsoro, mutanen Tilaskala kuwa, waɗanda suka ƙi miƙa wuya, an kewaye su shekara da shekaru har gishiri da auduga suka gagare su.

Cikin wannan hali ne Harnan Kortes ya sauka daga tsibirin Kuba da jiragen ruwa 11, da mayaƙa kimanin 500, da dawaki 16, ya kuma taho ne bisa saɓa wa umurnin gwamnan da ya fara naɗa shi. Makaminsa mafi amfani tafinta ce, wata baiwa da aka ba shi, Malintsin, wadda ke jin Nawatil, harshen Aztek, da harshen Maya, tana juya magana ga wani Basifane da ya daɗe a hannun Mayawa, shi kuma ya juya wa Kortes. Ta bakinta ya fahimci wa ke ƙin wa. A yankin Sempowala ya zuga mutanen wurin suka kama jakadun haraji, Tilaskalawa kuma, bayan sun gwabza da shi kwana da kwanaki, suka ga gara su yi amfani da shi a kan tsohon maƙiyinsu. Saboda haka da ya shiga Tenoctitlan ran 8 ga Nuwamba 1519, bayan kisan gillar da ya yi a Colula, dubban mayaƙan ƙasar na biye da shi. A wasiƙunsa zuwa ga sarkin Sifen yana kiran ɗakunan tsafin birnin masallatai, abin da ke nuna cewa da idon yaƙin Andalus yake duban wannan sabuwar duniya.

An daɗe ana cewa sarki Moktezuma ya ɗauki Kortes wani abin bauta ne da ya komo, amma wannan zance a rubuce-rubucen bayan cin ƙasar ya bayyana, masana da yawa kuma ba su amince da shi ba. Abin da ya tabbata shi ne ya sauke baƙin a fada, su kuwa suka tsare shi. A watan Mayu 1520, Kortes ba ya nan, mataimakinsa Albarado ya afka wa manyan gari suna tsakar bikin addininsu ba makami a hannunsu, gari ya tashi, Moktezuma ya mutu cikin rikicin, Sifaniyawa na cewa jifar mutanensa ce, mutanensa na cewa Sifaniyawa ne. A daren 30 ga Yuni, bayan Kortes ya komo, Sifaniyawa suka nemi sulalewa ta hanyar Tilakopan, aka farga, aka rutsa su a inda aka ɗage gadoji, ɗaruruwa suka hallaka, wasu nauyin zinariyar da suka ɗauka ne ya nutsar da su. Da Tilaskala ta rufe musu ƙofa a wannan lokaci, da labarin ya ƙare nan.

Sai annoba ta shigo. Agana, wadda mutanen wannan nahiya ba su taɓa sani ba, ta bi gida gida, ta kashe sabon sarki Kuyitlawak wanda ya kori baƙin, bayan mulkin kimanin kwana 80, ta bar gonaki ba mai nomawa. Kortes kuwa ya sa aka sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi 13 a Tilaskala, dubban 'yan dako suka ɗauko su gunduwa gunduwa ta kan duwatsu zuwa bakin tafki. Daga watan Mayu 1521 aka yi wa birnin ƙawanya, aka yanke ruwan Capultepek, aka hana kwalekwalen abinci shiga, ana rushe gidaje unguwa unguwa ana cike magudanai don dawaki su sami wurin sukuwa. Takobin ƙarfe da bindiga da doki sun yi tasiri, ba shakka, a kan mutanen da makaminsu itace ne mai haƙoran dutse, amma ga kowane Basifane guda akwai 'yan ƙasa da yawa a sahun, har da na Teskoko, abokan alkawarin da. Saurayin sarki Kuwautemok ya jure har mutanensa suka koma cin saiwoyi da ɓawon itace, aka kama shi cikin kwalekwale ran 13 ga Agusta 1521. Aka gasa masa ƙafafu da wuta don ya faɗi inda zinariya take, a 1525 kuma Kortes ya rataye shi a hanyar Honduras.

Garuruwan da suka taimaka don su huta da haraji, in ban da Tilaskala da ta sami wasu gatanci, an raba su ga mayaƙan Sifen, suna biyan sabon haraji da aikin tilas, annoba kuma na bin annoba har yawan jama'a ya zube ƙwarai cikin ƙarni guda. Muryar waɗanda aka ci da yaƙi ta iso gare mu ne musamman ta hannun wani malamin Kirista, Barnardino da Sahagun, wanda ya zauna da dattawan da suka ga ƙawanyar da idonsu, almajiransa 'yan ƙasa suna rubuta bayaninsu da Nawatil, har aka tara littattafai 12, na ƙarshensu kan yaƙin. A 1577 sarkin Sifen ya yi umurni a karɓe aikin, kuma rubutun yana ajiye yau a wani ɗakin littattafai a birnin Fulorans na ƙasar Italiya.