Stephen Keshi: Kyaftin Ɗin Da Ya Dawo Koci

A 1994 Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka a Tunisiya yana kyaftin ɗin Super Eagles. Da ya koma koci, ya samar wa Togo gurbi a gasar kofin duniya ta 2006, karon farko a tarihinta. Amma kafin a tafi Jamus aka sallame shi, aka ɗauko Bature.

Ya karɓi Najeriya a 2011, ya jawo 'yan wasan gida, aka yi ta sukarsa. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na 2013. Kafin Keshi, Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya ci kofin yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci.

Ya rasu a 2016.